Cinikin Biri a Sama: Yadda Ake Gwanjon Fedar Jita a Intanet

Masu iya magana sun ce ba a cinikin biri a sama, wato mai hankali ba ya zube kuɗinsa a kan abin da bai zo hannu ba. To amma a watan Maris na shekarar 2023 an yi wani cinikin biri a kasuwar makaɗan jita ta duniya, kuma a saman aka yi shi, kowa yana kallo. Birin da ake magana wata 'yar na'ura ce koriya da kamfanin DigiTech na Amurka ya fitar a 2004, ya raɗa mata suna Bad Monkey, wato Mugun Biri. Ta yi shekaru a yashe a shagunan tsofaffin kaya, ana sayar da ita kimanin dala 50, ba mai waiwayarta. Kwatsam sai wani maƙerin irin waɗannan na'urori mai suna Josh Scott, mai kamfanin JHS, ya fitar da bidiyo a YouTube inda ya jera ta da takwarorinta masu tsadar gaske, ya nuna cewa idan aka saita ta yadda ya kamata, da wuya kunne ya raba sautinta da nasu. Kafin mako ya zagayo ana nemanta da ɗaruruwan daloli, wasu masu sayarwa ma dubbai suka yanka mata. Ko waya ɗaya ba ta canza a cikinta ba. Magana kawai aka yi a kanta.

Ni malamin kimiyyar harshe ne, jita kuwa abar rage dare ce a wurina tun ina ɗalibi, kuma na daɗe ina leƙa dandalin gwanjo na intanet ina farautar irin waɗannan na'urori na hannu. Abin da na fahimta a tsawon wannan lokaci shi ne, duk wanda ya shiga wannan kasuwa kalmomi yake saye, sauti kuwa sai daga baya ya iso, in ma ya iso. Saboda haka nake ganin batun ya wuce na makaɗa, ya shafi duk wanda ya taɓa ganin hoton kaya da ɗan bayani a waya ya tura kuɗinsa.

Bari in ɗan yi shimfiɗa saboda mai karatun da bai taɓa riƙe jita ba. Jitar lantarki ba ta da wata murya ta a zo a gani. Girgizar tsirkiyarta ce ake mayarwa wuta mai rauni, ta bi waya zuwa amfilifaya, can a ƙara mata ƙarfi ta fito ta lasifika. A tsakanin jitar da amfilifayar ake saka wani ɗan akwatin ƙarfe da bai fi tafin hannu ba, wanda aikinsa shi ne sauya kamannin sautin. Tunda hannuwan makaɗi biyu suna kan jita, da ƙafa ake taka shi, shi ya sa ake kiransa feda, kamar dai ta keke ko ta keken ɗinki. Wata fedar tana sa sauti ya yi amsa-kuwwa kamar a cikin kogo, wata ta sa shi rawa, wata kuma ta dagula shi ya fito a kausashe, kamar muryar da ta dishe.

Wannan ta ƙarshen ita ce uwa ma ba da mama a kasuwar, kuma asalinta daga lalacewar na'ura ne. A birnin Nashville, ana ɗaukar waƙar Marty Robbins da ta fito a 1961, sai wani sashe na na'urar ɗaukar sauti ya sami matsala, kiɗan Grady Martin ya fito a yage. Maimakon a sake, sai aka bar shi a haka, jama'a kuma suka so shi. Injiniyan wurin, Glenn Snoddy, ya zauna ya ƙera abin da zai riƙa haifar da wannan aibi da gangan, kamfanin Gibson ya fitar da shi a 1962 da sunan Maestro Fuzz-Tone. Bai yi kasuwa ba sai a 1965, lokacin da Keith Richards na ƙungiyar Rolling Stones ya yi amfani da shi a waƙarsu Satisfaction. A 1966 kamfanin Arbiter na Landan ya fito da Fuzz Face, wadda Jimi Hendrix ya yi wa suna. Shekara guda bayan nan aka shiga sayar da wadda ake kira wa-wa, sunan da Bahaushe zai ji ya murmusa. Ita wannan ta fi burge ni a matsayina na ɗalibin furuci, domin abin da take yi wa sautin jita shi ne abin da baki yake yi wa iska idan mutum ya tashi daga wasalin u zuwa wasalin a: tana matsar da wurin da sauti ya fi ƙarfi daga ƙasa zuwa sama. Sunanta kwaikwayon kukanta ne, irin abin da harshenmu ya ƙware a kai, mu da muke cewa abu ya faɗi tim, ko ƙofa ta rufe garam.

A nan gizo yake saƙar. In ban da irin waɗannan kalmomi na kwaikwayo, harsunan duniya matalauta ne wajen siffanta sauti, aro suke yi daga sauran gaɓɓai. Masanin ma'ana Stephen Ullmann ya lura tun a shekarun 1950 cewa aron yana da alkibla, yawanci daga taɓawa da ɗanɗano yake tasowa ya nufi ji. Mu duba Hausa: murya mai zaƙi, murya mai kauri, siririyar murya, murya mai sanyi, kakkausar murya. Babu ɗaya a ciki da asalinta na kunne ne. Haka abin yake a Ingilishi, kuma da wannan aron ake cika tallan feda a dandalin gwanjo. Za ka ga an rubuta cewa sautinta yana da ɗumi, ko yana da santsi kamar man shanu, ko yana da haske, ko yana numfashi. Abin tambaya shi ne, idan kaya ya iso ka ga akwatin a fashe, kana da hujja. Idan kuwa ka ji babu ɗumin da aka ce, wane alƙali za ka kai wa ƙara? Kalma ce da ba a iya ƙaryata ta, kuma irinta ce ta fi ɗaga farashi.

George Akerlof ya yi bayanin irin wannan kasuwa a maƙalarsa ta 1970 a kan cinikin motoci na hannu, aikin da yana cikin abin da ya kai shi ga lambar Nobel a 2001. Mai sayarwa ya san aibin kayansa, mai saye bai sani ba, don haka mai saye yakan rage tayi, mai kaya nagari ya ji ba zai sallama ba ya janye, a bar kasuwa da tarkace. Duk wanda ya taɓa sayen mota 'yar Kwatano ya san karatun ba sai an biya masa ba. Bambancin kawai, mai sayen mota yana iya zuwa da bakanike ya buɗe gaba ya saurari inji. Mai sayen feda daga Ohayo ko Osaka ba shi da komai sai hotuna shida da layi huɗu na rubutu.

To yaya ake karanta layi huɗun? A nan nakan tuna da Paul Grice, wanda ya nuna a 1975 cewa a zance na gaskiya ana sa ran mutum ya faɗi iyakar abin da ya sani mai amfani, don haka abin da ya ƙi faɗi shi ma magana ce. Ɗauki jimlar da ta fi kowace yawa a wannan kasuwa, wato mai kaya ya ce bai gwada ba. Gwada feda batir ɗaya mai bolt 9 yake buƙata da minti biyu. Idan wanda ya rubuta haka tsofaffin kujeru da kwanuka yake sayarwa, fedar kuma tsintarta ya yi a kayan gado, ana iya yarda da shi, a irin wurinsa ma ake dacewa da araha. Idan kuwa ka duba shafinsa ka tarar da jita goma da amfilifaya biyar, to ya gwada, abin da ya ji ne bai yi masa daɗin faɗi ba. Haka wanda ya ce tana aiki lokacin da ya ajiye ta: ya ba ka labarin jiya don kada ka tambaye shi na yau. Wanda ya ce an inganta ta, yana nufin wani ya shiga cikinta da dalma, kuma ba a gaya maka ko gwani ne ko ɗan koyo ba. A gwanjon Yahoo na Japan kuwa akwai kalmar janku, wadda suka aro daga Ingilishi mai ma'anar tarkace. A can sau da yawa ma'anarta ita ce mai kaya ba ya ɗaukar alhakin komai, ko da abin lafiyarsa ƙalau. Kalma ɗaya, nauyinta ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, kuma wanda bai san wannan ba zai tsallake alheri a Japan, ya rungumi wahala a Amurka.

Babu inda ƙarfin labari ya fito fili kamar a kan Klon Centaur. Wani mutumin Boston mai suna Bill Finnegan ya fara sayar da ita a 1994, shi kaɗai yake haɗa kowace da hannunsa, har ya yi kimanin 8,000 kafin ya daina a wajajen 2008. Ya kuma riƙa malale kayan cikinta da baƙin danƙo mai tauri don kada a ga yadda ya tsara su. Ƙarancinta da wannan rufa-rufa suka haɗu suka haifar mata da almara. Abin da yake sayarwa dala ɗari uku da 'yan kai ya koma ana gwanjonsa da dubbai. An daɗe da kankare danƙon an zana taswirar abin da ke ciki, kamfanoni da dama sun fitar da kwafinta a farashi mai sauƙi, shi kansa Finnegan ya fito da sabuwa mai suna KTR, har ya buga rubutu a jikinta yana nesanta kansa da zuzutawar da ake yi. Duk da haka farashin tsohuwar bai sauko ya dawo inda ya fito ba. A Janairun 2021 Josh Scott ɗin nan ya saka tasa mai lamba 2 a kasuwa a kan dala 500,000, da alamar tsokana. Ita wannan Klon tana cikin waɗanda ya jera da Mugun Biri bayan shekara biyu, kuma abin dariyar shi ne, darasin da ya so koyarwa, cewa mai araha ma ta isa, shi ne ya mayar da mai arahar mai tsada.

Ba ina cewa duk tsohuwar feda yaudara ba ce. Akwai bambanci na haƙiƙa a wasu wurare. Boss DS-1 da aka fara yi a Japan a 1978 an mayar da ƙirarta Taiwan a ƙarshen shekarun 1980, sannan a 1994 aka sauya ɗan guntun da ke sarrafa sautinta, don haka ta farko da ta baya ba abu ɗaya ba ne. Fuzz Face ta farko da tiransisto na jamaniyam aka yi ta, wanda da wuya ka sami biyu masu hali ɗaya, shi ya sa wata takan yi daɗi wata ta zama abin haushi. Amma ɗan guntun JRC4558D da ake rantsuwa da shi a cikin Tube Screamer ta kamfanin Ibanez, wadda ta fito a 1979, abu ne mai arahar gaske da aka zuba a kayan sauti barkatai a zamaninsa. Kuma da zarar lamba ta yi suna, sai masu goge rubutu su buga ta a kan wani abu daban. Lambar da ke jikin tiransisto ita ma kalma ce, ana iya ƙirƙira ta.

Sai kuma shi kansa gwanjon. Mu a nan kalmar ta tattara ma'ana biyu, tayin da ake yi a bainar jama'a ana kaɗa ƙararrawa, da kuma tsofaffin tufafin da ake zubewa a Ƙofar Wambai, kuma dukkansu sun dace da wannan ciniki. Sai dai tsarin eBay, wanda Pierre Omidyar ya kafa a 1995, ya saɓa da gwanjon ƙararrawa. Kai za ka rubuta iyakar abin da za ka iya biya a asirce, kwamfuta ta riƙa tayawa a madadinka kaɗan-kaɗan. Alal misali, idan ka sa dala 100, abokin takararka ya tsaya a 70, kaya naka ne a kan 70 da ɗan ƙari. Wannan ya yi kusa da tsarin da William Vickrey ya yi nazari a 1961, inda ya nuna cewa dabara mafi kyau ita ce mutum ya faɗi ainihin darajar abin a wurinsa ya yi shiru. Amma ɗan Adam ba ya shiru. Da ya ga an wuce shi sai zuciya ta motsa, ya manta feda yake nema, ya koma neman nasara. Wannan ne ya sa gogaggu suke ɓoye tayinsu sai saura daƙiƙa biyar a rufe. Alvin Roth da Axel Ockenfels sun nuna a 2002 cewa wannan ɗabi'a ta fi yawa a eBay, inda lokaci yake yankewa ƙaf, fiye da gwanjon da Amazon yake yi a wancan zamani, inda ake ƙara minti goma duk sanda sabon tayi ya shigo. Mu kuwa namu ƙarin shi ne agogo: gwanjon da zai rufe ƙarfe 7 na yammacin Lahadi a Kalifoniya, ƙarfe 3 ko 4 na dare ne a Kano, ga aji yana jiran mutum da safe.

Akwai kuma masu sa 'yan'uwansu su riƙa tayi na ƙarya don su tunzura mai saye. Dandalin ya haramta wannan, amma malaman fiƙihu sun riga shi da ƙarni goma sha, suna kiransa najash. Hasali ma mazhabar Malikiyya da muka tashi a cikinta ta yi maganar sayar da kayan da ba ya nan bisa siffantawa, ta halatta shi, da sharaɗin in kaya ya zo ya saɓa wa siffar, mai saye yana da zaɓi. Kusan wannan ita ce ƙa'idar da eBay yake mayar da kuɗi a kanta. Abin lura shi ne, duka biyun sun rataya ne a kan siffa wadda ake iya aunawa. Ɗumi da santsi ba su shiga ciki.

Ga ɗan Nijeriya kuwa, cin gwanjo rabin tafiya ne. Masu sayarwa da yawa sun toshe ƙasarmu daga jerin inda suke aika kaya, albarkacin 'yan damfarar da suka ɓata mana suna. Ni kaina na taɓa cin gwanjo, na biya nan take, mai kayan ya soke cinikin da ya ga adireshi, ko uzuri bai bayar ba. PayPal bai buɗe wa 'yan Nijeriya ƙofa ba sai a 2014, shi ma a lokacin turawa kawai aka yarda mu yi. A 2022 bankuna da dama sun rage abin da katin naira zai kashe a waje zuwa dala 20 a wata, wasu suka rufe gaba ɗaya na wani lokaci. Sannan ga canji: dalar da take wajen naira 460 a farashin hukuma kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a cikin 2024. Fedar dala 60, in ka haɗa da kuɗin aikowa da na kwastan, sai ta tasar wa wani babban yanki na albashin malamin jami'a. Mafita ita ce kamfanonin da suke ba ka adireshi a Amurka ko Ingila su karɓa su turo maka, to amma a mafi yawan lokuta kariyar dandalin a ƙofar ma'ajiyarsu take tsayawa. Kafin kaya ya iso hannunka ka ji aibinsa, wa'adin ƙorafi ya kusa cika ko ya cika, kuɗin mayarwa kuma ya fi kuɗin kayan. A kasuwarmu ta gargajiya dillali yana cin la'ada ne saboda ya san mai kaya, ya san mai saye, gobe kuma za a same shi a rumfarsa. A intanet an maye gurbinsa da taurari da adadin yabo, waɗanda suke gaya maka mutum yana aika kaya a kan lokaci, ba su gaya maka ko yana da kunne ba.

Akwai kuma abin da babu mai sayarwa da zai rubuta, domin bai san shi ba. Tiransisto na jamaniyam ba ya shiri da zafi. Fedar da aka yaba a ɗaki mai sanyi a Landan, idan ta sha zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri, inda awo yake haura 40, sai sautinta ya shaƙe ya riƙa yankewa. Ƙurar hunturu tana shiga maɓallan murɗawa su kama ƙarar-ƙarar. Abin sa wuta da aka yi don bolt 120 na Amurka, in aka cusa shi a namu mai 230, hayaƙi ne zai biyo baya. Yawancin fedoji kuma sun bi tsarin Boss, wanda ya juya kan wutar saɓanin na'urorin gida da yawa, don haka adaftar da aka tsinta a kasuwa tana iya kashe feda cikin ƙiftawar ido. Mawaƙan jita na Agadas irin su Bombino, da Mdou Moctar da ya kai kiɗan Abzinawa manyan dandamalin duniya da sauti mai kaushi, a cikin irin wannan zafi da ƙura kiɗansu ya girma, kuma kunnen da ya saba da nasu ya san ba tsufan akwati ne yake kiɗa ba.

Ni dai yanzu tambayoyi uku nake aika wa mai kaya kafin in taya, kuma dukkansu irin waɗanda amsarsu e ce ko a'a: ko ya sa mata wuta ya ji sauti a wannan makon, ko wani ya taɓa cikinta da dalma, ko zai buɗe bayanta ya ɗauko mini hoton ciki da na wurin batir, inda tsatsa take fara ci. Wanda ya amsa da hoto nakan taya. Wanda ya amsa da cewa sautinta sai wanda ya ji, nakan yi masa fatan alheri in wuce. Fuzz Face kuwa ban ƙara nemanta a gwanjo ba tun ranar da na nuna wa wani mai gyaran rediyo taswirar cikinta. Ya ƙirga abin da ke ciki, tiransisto biyu da 'yan tarkacen da ba su kai goma sha biyu ba, ya dube ni ya ce, "Malam, a kan wannan ne Turawa suke faɗa?" Ya haɗa mini ita da tiransisto na silikon, wanda bai damu da zafi ba, a cikin gwangwanin sardin.